AMANAR IDO DA ZUCIYAR YARO

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku samarin Kamarawa da Isa da Sabon Birni, ku sani ƙannenku amana ne a hannunku. A Suratul Isra'i, aya ta 36, Allah Ya sanar da mu cewa za a tambayi bawa game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa. To, wanda ya miƙa wa yaro abin da zai ɓata masa waɗannan uku, me zai ce ran gobe Ƙiyama?

A watan Agusta na 2024, hoton bidiyon Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana hannun 'yan bindiga, ya bi wayoyi ta WhatsApp da Facebook kafin labarin rasuwarsa ya zo. Allah Ya jiƙansa. Wa ya raba hoton nan gida gida? Yatsunmu ne. Su wa ke leƙe ta bayan kafaɗarmu? Yaran da ba su ko balaga ba.

Cutar nan kuwa iri biyu ce. Ta farko firgita. Yaro ya kasa barci, ya riƙa zabura cikin dare, ya bar abinci, karatu ya ƙi zama. Ta biyu ta fi muni, watau bushewar zuciya. Ya ga ɓarawon daji a TikTok yana baje kuɗin fansa, tun yana tsoro har ya koma sha'awa. Kuma an gina waɗannan dandali ne a kan su riƙa ƙaro maka irin abin da ka tsaya kallo. Ka kalli ɗaya, a jero maka 'yan'uwansa.

Kada ku ce ƙauyanci ne ya sa muke faɗa. A Ingila, a 2022, mai binciken sanadin mutuwa ya tabbatar da cewa abin da wata yarinya 'yar shekara 14 ta riƙa gani a intanet yana cikin abin da ya kai ta ga halaka. A 2024 Ostareliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a irin waɗannan dandali.

Wani zai ce, ai gargaɗi nake yi don mutane su yi hattara. To, ɗan'uwa, gargaɗi da baki ya isa. Ka fara tabbatar da labarin, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umurta, sa'an nan ka gaya wa manya. Hoton wulaƙancin Musulmi kuwa, masu ɗaukarsa tsoro suke son shukawa. Mai turawa ɗan aikensu ne, ba ko lada.

Saboda haka lalle ne ku goge irin waɗannan hotuna, kada ku tura. Kada yaro ya kwana da waya. In kun ga halinsa ya sake, ku zaunar da shi ku tambaye shi cikin lallashi, ban da duka, ban da gori. Ku koya masa addu'o'in kwanciya da suka inganta. In abin ya daɗe, kada a ruga wurin boka ko mai laya. A kai shi ga likita, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware. Neman magani Sunna ne, ba abin kunya ba.

Allah Ya ba ƙasar Gobir zaman lafiya, Ya tsare zukatan 'ya'yanmu. Amin.