Yawon Buɗe Ido da Haƙƙin Gani

Mutumin Jiratawa bai san teku ba. Ruwan da ya sani shi ne na Gulbin Maraɗi, mai zuwa da damina ya ƙafe da rani, sai kuma na magudanan gonakin rani da ake rabawa bi da bi. Idan aka ba shi labarin masu hali da kan hau ƙaramin jirgin ruwan shaƙatawa, iska na kora su daga wannan tsibiri zuwa wancan don kallo kawai, zai ce zancen wata duniya ne. To amma akwai tambaya a ciki wadda ta shafe mu.

Tsibiran Kap Ber guda goma ne, suna cikin tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da Senegal. Kowane watan Nuwamba ayarin irin waɗannan jirage kan tashi daga Las Palmas ta tsibiran Kanari, kuma tun 2013 wani ɓangarensa kan yada zango a Mindelo ta Kap Ber kafin ya nufi Karebiyan. Iskar da matuƙan nan ke murna da ita, ita ce dai ke kwashe kwalekwalen ƴan ci-rani idan ya kauce daga hanyar Kanari. A ranar 10 ga Yuli 2023 wani kwalekwale ya bar ƙauyen Fass Boye na Senegal da mutum 101. Sai bayan fiye da wata guda jirgin masunta na Sifaniya ya tsince shi kusa da tsibirin Sal, da mutum 38 a raye. Waɗanda suka tsira sun ce manyan jirage sun yi ta wuce su ba su tsaya ba.

Shin laifi ne mutum ya shaƙata a kan ruwan da wasu ke mutuwa da ƙishirwa? A ganina shaƙatawar ba ita ce laifin ba. Mu da muke cewa tafiya mabuɗin ilimi ba mu da bakin zargin wanda ya fita don ya ga duniya, kuma mutanen Mindelo na cin abinci da baƙin nan. Sai dai sunan da Hausa ta raɗa wa abin ya ɗaure mai yin sa: yawon buɗe ido. Ɗan kasuwa na iya fakewa da sauri, masunci da neman abinci. Wanda kuwa ya ce gani ya fito yi, ba shi da damar zaɓen abin da zai gani, ya ɗauki hoton dutse da faɗuwar rana, ya runtse ido ga hannun da ke ɗaga masa riga.

Za a ce, kuma da gaskiya, jirgin mutum huɗu ba zai ɗauki mutum ɗari ba. Idan suka rufar masa duka za su nutse. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, a sashe na 98, ta san da wannan: ta wajabta agaji muddin bai jefa jirgin mai agajin cikin babban haɗari ba. Amma tsakanin ɗaukar kowa da wucewa shiru akwai fili mai faɗi. Akwai kiran masu ceto ta rediyo, da faɗin daidai inda kwalekwalen yake, da tsayawa nesa kaɗan har taimako ya iso, da jefa jarkar ruwa. A ƙasarmu ma ruwa ake fara miƙa wa baƙo kafin a tambaye shi daga ina.

Mu ma muna da tekunmu, na rairayi. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace. Malamin da zai nuna wa ɗalibansa Kap Ber a taswira, ya nuna musu Sal da Mindelo, sa'an nan ya kai yatsansa arewa da Arlit.