Shin Za A Kare Gaskiya Da Ƙarya?

 

Duk uwar da ke da yaro a babbar sakandare, wata rana sai ya zo mata da maganar juyin halitta, domin tana cikin darasin bayoloji, kuma ana tambayarta a jarrabawa. Yawancinmu amsa ɗaya muke bayarwa: "Ƙaryar Turawa ce, ba su da wata hujja." To, tambayata a nan ita ce, shin ya halatta mu faɗi abin da ba mu bincika ba don mu tsare imanin 'ya'yanmu?

Mu fara da sanin abin da aka faɗa. Charles Darwin mutumin Ingila ne, ya fitar da littafinsa a kan asalin jinsunan halittu a 1859. Bai ce birin da kike gani ne ya rikiɗa ya zama mutum ba. Cewa ya yi 'ya'ya kan bambanta da juna, wanda yanayinsa ya dace da muhalli shi ke rayuwa ya hayayyafa, har bayan dogon zamani jinsi ya sauya. Daga nan ya ce mutum da biri kakansu ɗaya can da nisa. Kin ga magana biyu ce, kuma ya kamata a raba su.

Ta farkon, ai a ɗakunanmu muka gan ta. Kin tuna lokacin da kulorokwin ke kashe zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku? Ƙwayoyin cutar da suka iya jure maganin su ne suka tsira suka yaɗu, har Nijeriya ta koma ga wani magani daban a 2005. Haka ma sikila. Tun 1954 bincike ya nuna cewa mai jinin AS ya fi samun kariya daga mummunan zazzaɓin, shi ya sa jinin ya yi yawa a ƙasashen sauro irin namu. Musun wannan kamar musun rana ne da tsakar rana.

Ta biyun ita ce mai nauyi. Masana suna kafa hujja da kamannin ƙwayoyin gado, da kuma ƙasusuwan da aka tono, irin wanda aka samu a Habasha a 1974 mai shekara miliyan 3.2, da ƙoƙon kan da aka samu a hamadar Chadi a 2001 mai kimanin shekara miliyan 7. Mafi yawan masana bayoloji sun gamsu da wannan fahimta, kuma ba gaskiya ba ne a ce ba su da komai a hannu. Mu kuma mun yi imani Allah (SWT) Ya halicci Annabi Adamu (AS) daga ƙasa, ba uwa ba uba. Wannan labari ta wahayi ya zo mana, kamar yadda haihuwar Annabi Isa (AS) ta zo. Ƙashi na iya nuna shekaru da siffa, amma ba ya faɗin ko akwai Mahalicci ko babu. Wanda ya ce kimiyya ta kore samuwar Allah ya tsallake iyakar abin da awonsa ya nuna.

Malaman Musulunci na wannan zamani sun saɓa. Wasu sun ƙi ra'ayin baki ɗaya, wasu sun karɓe shi a kan dabbobi da tsirrai suka ware Annabi Adamu. Shi kuwa Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya gargaɗi masu musun lissafin husufin rana da wata da sunan addini, ya nuna cewa ɓarnarsu ga Musulunci ta fi ta masu sukarsa, don wanda ya san lissafin ba zai yi shakkarsa ba, addinin zai yi wa shakka.

Za ki iya cewa, "Malama, yaro ƙarami ne, gara in rufe ƙofar kawai." Na fahimci tsoronki. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Ran da ya shiga jami'a ya ga hujjojin da kika ce babu su, abin da zai fara tambayar kansa shi ne, me kuma Umma ta faɗa mini wanda ba haka yake ba? Sai shakkar ta taɓa har sallar da kika koya masa.

Saboda haka ki saurare shi har ya gama, ban da tsawa, ban da "ka kafirta". Ki nuna masa abin da aka gani da ido, da abin da aka ciro ta hanyar nazari, da abin da sai wahayi ke faɗa. Ki bar shi ya karanta darasinsa da kyau, don sanin ra'ayi daban, ƙudurce shi daban. Inda ya fi ƙarfinki, ki ce "Allahu a'alamu, bari mu tambayi masani", ke da maigida ku kai shi wurin malamin da ya san ɓangarorin biyu.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ƙara mana ilmi mai amfani. Amin.