Alherin da ba a saye da kuɗi

Duk wanda ya daɗe a nan Sabon Ibadan ya saba jin maƙwabtanmu Kiristoci suna cewa "oore-ofe". A Yarbanci "oore" alheri ne, "ofe" kuwa kyauta. Wato alherin Allah da bawa bai biya ba, bai kuma cancanta ba.

Ni a kasuwa na fahimci kalmar nan. Wata shekara na karɓi goro bashi a hannun wata dattijuwa 'yar coci, mota ta lalace a hanyar Arewa, zafi ya cinye kayan. Na je mata jiki a sanyaye, sai ta yafe rabi, ta ce sauran in biya a hankali. Na ce, "Mama, don me?" Ta ba ni wani misali daga Linjilar Matta, sura ta 18: sarki ya yafe wa bawansa bashin da har ya mutu ba zai iya biya ba, shi kuwa yana fita ya shaƙe ɗan'uwansa kan 'yan kuɗi kaɗan. Da sarki ya ji, sai ya sa aka kama shi. Ta ce ita ma an yafe mata da yawa.

To, in alheri kyauta ne, ina amfanin aiki? A koyarwarsu, ceto ba ladan aiki ba ne, amma wanda alheri ya shiga zuciyarsa dole a gani a hannunsa. Su suna ɗaura alherin nan a kan gicciye Annabi Isa (AS), mu kuwa Alƙur'ani ya ce ba a gicciye shi ba. Nan muka rabu, ba ɓoye-ɓoye.

Sai dai mu ma hadisi ya inganta cewa ba wanda aikinsa kaɗai zai shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Aya ta 280 a Baƙara kuma ta ce a saurara wa wanda ake bi bashi in yana cikin ƙunci, yafewa ma ta fi.

Abin kunya, a ranar da aka yafe mini, akwai yaron da nake shirin kai ƙara wurin Sarkin Hausawa kan kuɗin huhu ɗaya. Na dawo gida na soke sunansa a littafi. Ɗan'uwa, kai ma buɗe naka littafin daren nan. Allah Ya lulluɓe mu da rahamarSa, amin.