Alherin Mai Riƙon Ƙasar Wani

A shekara ta 1965 wani marubuci mutumin Amurka, Frank Herbert, ya buga littafi mai suna Dune. Labarin ƙage ne, na wani zamani mai nisa a gaba, sa'anda 'yan Adam sun watsu cikin taurari. Amma tambayar da ke cikinsa tamu ce: in mutum yana riƙon ƙasar da ba tasa ba, alherin da yake yi wa masu ita ya isa ya ba shi gaskiya?

Ga yadda labarin yake. Akwai wata duniya, Arrakis, hamada ce duka, ruwa ya fi zinariya tsada a cikinta. A nan kaɗai ake samun wani irin yaji mai ƙara tsawon rai, wanda in ba shi jirage ba su iya tafiya tsakanin taurari. Sabo da haka manya duka suka sa mata ido. Gidan sarautar Harkonnen suka riƙe ta shekara 80, suna kwasar yaji, suna farautar mutanen hamada da ake kira Fremen. Sa'an nan Sarkin Sarakuna ya karɓe ta, ya ba Leto, shugaban gidan Atreides. Ashe tarko ne, gama ya riga ya ƙulla da Harkonnen su hallaka shi a can. Ku lura fa, cikin wannan bayarwa da karɓewa ba wanda ya tambayi Fremen.

Leto kuwa ba mugu ba ne. Ya iske al'ada a fada, baƙi su zubar da ruwa ƙasa wajen biki, a matse tsummokin a sayar wa mabarata. Ya hana, ya ce a ba su ruwa kyauta. Wata rana kuma babbar tsutsar hamada ta taso za ta haɗiye injin haƙar yaji, sai ya bar yajin ya ceci ma'aikata. Mai karatu ba ya rasa ƙaunarsa.

Amma marubucin bai ɓoye mana sauran ba. Leto ya san mayaƙansa ba su isa su tare abokan gabansa ba, yana bukatar Fremen su zama rundunarsa. Watau alherinsa da bukatarsa hanya ɗaya suke bi. Bayan da aka ci amanarsa ya mutu, ɗansa Paul ya gudu wurin Fremen. Ya tarar suna jiran wani mai ceto, bisa ga labarin da wata ƙungiyar mata masu dabara ta shuka musu tun dā, domin amfanin kanta. Ya shiga rigar labarin nan, ya ci sarauta da takobinsu. A littafi na biyu, na 1969, aka gaya mana yaƙin da aka yi da sunansa ya ci rai biliyan 61.

Wani zai ce, to, ina laifin Leto? Ma'aikacin da aka ceta ya cetu, mabaraci ya sha ruwa, ko mene ne nufin mai bayarwa. Gaskiya ne, kada mu raina wannan. Wanda ya ce Leto da Harkonnen ɗaya ne bai taɓa shan bulala ba. Alheri ba ya zama mugunta domin mai yinsa ya ci riba.

Duk da haka alheri dabam, adalci dabam. Mai watsa wa kaza tsaba yana ciyad da ita, lalle, amma kazar tana da dalilin duban ɗayan hannunsa. Alheri abu ne da mai iko yake bayarwa in ya ga dama, yana kuma iya janye shi gobe. Adalci kuwa shi ne a mayar wa mutum abin da yake nasa. Leto ya ba da ruwa, amma ƙasar da yajinta suna hannunsa har yanzu. Kyauta daga cikin kayan mutum ba ta biyan bashin kayan.

Wannan magana ba ta sarakuna kaɗai ba ce. Ta shafi mai riƙon gādon marayu, da mai noman gonar gwauruwa, da maigida mai barori. Kowannensu yana iya zama mai kirki ƙwarai, a yabe shi a gari. Bari ya gwada kansa da tambaya biyu. Na tambayi masu abin, ko kuwa ni kaɗai na yanke abin da ya fi musu? Ran da suka ce in mayar, alherina zai tsaya, ko zai juya ya zama fushi? Wanda ya iya saki sa'anda aka nema, riƙonsa amana ne. Wanda ya kasa, ko da ya fi kowa kyauta, abin wani ne yake ci.