Sandar Saurayi a Damargu

A Olelewa, kamar sauran ƙasar Damargu, rikicin manomi da makiyayi yakan tashi da kaka, sa'ad da garke ya gangaro daga arewa tun ba a kwashe dammunan gero ba. Mai ɗaukar sanda a ranar kuwa saurayi ne. Dattijo sai daga baya ake kiransa. Kisan Toda na 1991, a yankin Maraɗi, ya nuna inda abin kan kai. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, amma takarda ba ta tsare burtali da dare. Ƙungiyar samari, magajiyar samariya da gayya, ita ke kusa da bakin gona. Sai dai in ɗiyan manoma kaɗai ke cikinta, samarin Fulani da Abzinawa suna waje, makiyayi zai ɗauke ta rundunar masu gona, ya ƙi zama da ita.