Har Yaushe Ake Jiran Wanda Ya Ɓata?

A ƙarshen watan Maris na 1914 wani jirgin ruwa mai suna Southern Cross ya juyo gida daga farauta a kan ƙanƙarar teku, maƙare da fatun wata dabbar ruwa mai kama da ayu, wadda ake kashewa don kitsenta da fatarta. Tsohon jirgi ne na katako, mai filafilai da injin tururi. Ranar 31 ga wata wani jirgin ya hango shi cikin guguwa daura da tsibirin Niyufanlan, wanda yau yake cikin ƙasar Kanada. Daga wannan gani ba a sake sa shi a ido ba. Mutum sama da 170 ne a ciki, yawancinsu matasan ƙauye masu neman abin sawa a baka, kuma ko gawa ɗaya ba a tsinta ba. Jirgin ba shi da na'urar aika saƙo ta iska, don haka ko kiran neman agaji ba wanda ya ji.

Mai karatu zai ce ina ruwan Bakatsine da teku, shi da ko kogin kirki bai ratsa garinsa ba? To ai mu ma muna da namu tekun, na rairayi. Fataken da suka riƙa fita ta ƙofofin Katsina suna nufar Agadas da Gat ba duka suka komo ba. Haka alhazan da, masu tafiya a ƙasa ta Barno da Sudan, waɗanda in sun isa Sawakin sai su shiga ƙananan jirage masu filafilai su ƙetare Bahar Maliya. Wani ya dawo bayan shekara bakwai, wani ya zauna can ya zama Takari, wani kuwa shiru kake ji. Abin bai tsaya a zamanin raƙumi ba. A watan Oktoba na 2013 motoci suka lalace da matafiya arewa da Arlit, a kan hanyar Aljeriya, aka tsinci gawa 92, fiye da rabi yara ne, galibinsu daga yankin Kance, nan bayan Daura. Waɗannan an gan su, an binne su. A 2019 kuwa ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce kusan mutum 22,000 ke cikin littafinta na waɗanda suka ɓata a Nijeriya, akasari sanadin rikicin arewa maso gabas.

Mutuwa tana da tsari a wurinmu. A yi wanka, a yi salla, a kai makwanci, a zauna karɓar gaisuwa, mata ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, a raba gado. Kowane mataki yana ɗan rage nauyin da ke zuciya. Ɓata ba shi da ko ɗaya. Ba wanda zai shimfiɗa tabarmar ta'aziyya, don ba a ce an mutu ba. Matar ba ta da miji a ɗaki, kuma ba bazawara ba ce. In ta sa lalle a ce ta manta, in ta ƙi sawa a ce tana yi masa fatan mutuwa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan ta gaji ta ce za ta yi aure, ta ci amanarsa ne?

Malaman fiƙihu sun daɗe da fuskantar wannan, suna kiran irin wannan mutum mafƙudi. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an bi hukuncin Sayyidina Umar: matar ta kai ƙara, a yi bincike, in ba a sami labari ba a yanka mata shekara 4, sannan ta yi idda irin ta mamaci, ta auri wanda take so. In ma bai bar mata abin ci ba, tana iya neman a raba auren tun kafin nan. Dukiyarsa kuwa ba a taɓa ta, sai ya kai shekarun da ba a zaton irinsa na raye, waɗanda galibi ake ƙiyastawa da 70. Tsofaffin malaman Hanafiyya sun fi tsanantawa, sun ce ta jira har sa'o'insa su ƙare.

A duba wannan rabo da kyau, don akwai hikima a ciki. Mutum ɗaya ne, amma ta fuskar aurensa an ɗauke shi kamar ya mutu, ta fuskar gonarsa an ɗauke shi yana raye. Alƙali bai yi da'awar sanin gaibu ba. Abin da ya auna shi ne wa jira ke cutarwa. Gona tana iya zama shekara talatin ba ta tsufa, 'yar shekara ashirin ba ta iyawa. Ni a ganina wannan ya amsa tambayar: barin jira ba ya nufin an yanke cewa ya mutu, balle a kira shi cin amana.

Akwai mai ja, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, in ya dawo fa? Ana dawowa. An ga wanda aka fid da rai da shi ya yi sallama a ƙofar gida da furfura. Mashhurin zance a Malikiyya shi ne, in mijin na biyu ya riga ya tare da ita, aurensa ya zauna. Babu shakka wannan ciwo ne ga wanda ya sha wuya a hanya yana tunanin gida. Sai dai a lura, don a kare mutum ɗaya da zai yiwu ya dawo, mata nawa za a daure har tsufa? Kuma uwar miji da ke cewa jikinta na ba ta ɗanta na raye ba ƙarya take yi ba. Ita tana da ikon jira har ranar da za ta koma ga Allah, don jiranta bai hana ta komai ba. Kuskuren shi ne ta ɗora wa surukarta irin wannan jira.

Mu marubuta muna da hannu a ciki. Labarin soyayya ya fi armashi in jaruma ta ƙi kowa shekara goma sha biyar, sai ga masoyi ya ɓullo a babi na ƙarshe da mota. Mai rubutu ya san zai dawo, tun da shi ya ɓoye shi. Matar da ke karantawa a Ƙofar Sauri, wadda nata ya tafi Libiya wayarsa ta daina shiga, ba ta da wannan tabbaci, amma da waccan jarumar za a riƙa auna ta.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: shekara huɗun nan ba daga ranar da ya fita gida ake ƙirga su ba, sai bayan an kai maganar gaban alƙali. Wadda kunya ta hana ta zuwa kotu, ko iyayenta suka ce ta ƙara haƙuri kada a ce sun ƙosa, ko ta shekara goma a ɗaki, lissafinta bai ma fara ba.