Littafin Fursunan Yaƙi da Tambayar Lokaci

A Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin saman Birtaniya da Amurka da Kanada da ƙawayensu waɗanda aka harbo jiragensu a sararin Turai, idan sun tsira da rai kuma aka kama su, galibi hannun rundunar saman Jamus suke faɗawa. Akan fara kai su Oberursel, kusa da Frankfurt, a yi musu tambayoyi, sannan a rarraba su sansanoni irin su Stalag Luft I da ke Barth a gaɓar tekun Baltik, da Stalag Luft III da ke Sagan, garin da a yau yake cikin ƙasar Polan. A shekarun ƙarshe na yaƙin, sashen agajin fursunoni na ƙungiyar YMCA da ke Jeniba ya riƙa aika musu da littattafai masu fararen shafuka, domin kowa ya rubuta abin da ya ga dama. Wanda bai samu ba yakan ɗinka nasa da duk takardar da ya tsinta.

Dalilin da ya sa wannan kyauta ta yi tasiri yana cikin dokar yaƙi. Yarjejeniyar Jeniba ta 1929 ta hana tilasta wa hafsoshi da sajoji aikin ƙarfi, kuma ma'aikatan jirgin yaƙi kusan duk hafsoshi ne ko sajoji. Sai ga samari majiya ƙarfi, waɗanda jiya suke sama da gajimare, yau ba su da abin yi sai jiran ƙidayar safe da ta yamma. Tun a Yaƙin Duniya na Farko wani likita ɗan Siwizalan, Adolf Vischer, ya lura cewa abin da ya fi cin ran fursunan yaƙi shi ne rashin sanin ranar fita. Wanda alƙali ya ɗaure ya san kwanakinsa raguwa suke yi. Fursunan yaƙi kuwa nasa ƙaruwa kawai suke yi, domin wa'adinsa yana rataye da ƙarshen yaƙin da ba shi da ta cewa a kansa. Daga nan tambayar falsafa take tasowa: shin kwanakin da mutum ya yi a hannun wani, ba da zaɓinsa ba, suna cikin rayuwarsa, ko giɓi ne da aka yanke daga cikinta?

Abin da ke cikin littattafan ya nuna amsar da masu su suka bayar, ko da ba su faɗe ta da baki ba. Da yawa sukan fara da labarin ranar da aka harbo su: inda wuta ta kama jirgi, wanda ya yi tsalle da laima, wanda bai fito ba. Sai sunayen abokan ɗaki da adireshin gidajensu, da zanen bukka da hasumiyar masu gadi da waya mai ƙaya. Abinci ya cinye shafuka masu yawa. Akwai lissafin abin da ke cikin ƙunshin Red Cross, da dabarar haɗa abin marmari da busasshen biskit da madarar gari, da jerin girke-girken da mutum ya ƙudurta zai ci ranar da ya koma gida. Mai karatu na iya ganin wannan ƙaramin abu ne, amma wanda ya zauna ya tsara cimar ranar da ba ta zo ba ya riga ya yarda cewa za ta zo.

A nan rubutun ya yi kusa da abin da malaman tarbiyyar zuciya suke kira muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi kafin a yi masa. Hisabi ba ya yiwuwa sai mutum ya amince cewa ranar tasa ce, kuma za a tambaye shi yadda ya ɓatar da ita. Fursunan da ya sa kwanan wata a saman shafi ya karɓi wannan ranar a matsayin tasa, duk da cewa ƙofa da makulli na wani ne. Tarihin Musulunci ya san wannan hali. An ruwaito cewa Sarakhsi ya yi shiftar littafinsa Almabsuɗ ga ɗalibansa yana tsare, kuma da aka ƙwace wa Ibn Taimiyya takarda da alƙalami a kurkukun Dimashƙa a 1328, sai ya koma rubutu da gawayi, bai yi wata nawa ba ya rasu. Waɗannan malamai ilimi suke tsarewa, samarin Sagan kuwa galibi lissafin dankali da sigari suke yi, amma dukkansu sun ƙi yarda a mayar da zaman tsare ya zama lokacin banza.

Sai dai littafin shaida ne mai iyaka. Masu gadi suna iya binciken ɗaki a kowane lokaci, don haka ba mai hankalin da zai rubuta zancen ramin gudu. A watan Maris na 1944 fursunoni 76 suka fice daga Stalag Luft III ta ƙarƙashin ƙasa, aka sake kama 73, aka harbe 50 bisa umarnin Hitila. Aikin haƙar bai shiga shafuka ba a lokacinsa, amma sunayen mutum 50 ɗin sun shiga, kuma fursunoni da dama sun ware musu shafi na musamman. Akwai wani shirun da ya fi wannan nauyi. Wasu daga cikin marubutan sun zuba bama-bamai a birane irin su Hambug, inda dubban fararen hula suka ƙone a Yulin 1943. Littattafan sun fi ba da labarin abin da aka yi wa marubuci a kan abin da shi ya yi wa wasu, kuma hisabin da ya tsaya a ɓangare ɗaya bai cika ba. Ba lallai ne wannan ya zama rashin imani ba, domin wanda yake fama da yunwa a hannun maƙiyi da wuya ya buɗe wa kansa shari'a. Haka kuma samun littafin ma gata ne. Fursunonin Tarayyar Sobiyet, waɗanda sama da miliyan 3 daga cikinsu suka mutu a hannun Jamus, ba wanda ya aika musu da fararen shafuka.

A sansanonin Japan rubutun kansa laifi ne mai jawo duka ko abin da ya fi duka. Louis Zamperini, ɗan tseren Amurka da jirginsa ya faɗa tekun Fasifik a 1943, ya ɓoye ɗan ƙaramin littafi a sansanin Ofuna duk da wannan haɗari. Inda rubutu yake iya jawo mutuwa, ba a cewa neman kashe lokaci ne ya sa aka yi shi.

A daren 27 ga Janairun 1945, da rundunar Sobiyet ta matso, aka tayar da fursunonin Sagan cikin dusar ƙanƙara, kowa da abin da zai iya ɗauka. Littafi yana da nauyi, kuma gurbinsa zai iya ɗaukar abinci, amma da yawa sun tafi da nasu. Alexander Jefferson, baƙar fata daga rukunin matuƙan jirgin yaƙin Amurka da ake kira na Tuskegee, ya kai zane-zanensa har Moosburg, inda sojojin Amurka suka 'yantar da sansanin ranar 29 ga Afrilun 1945, kuma daga baya ya buga su a littafin tarihin rayuwarsa. Wasu littattafan suna ajiye a gidajen tarihi irin su Imperial War Museum na Landan, wasu kuma suna hannun 'ya'ya da jikoki.